Akwatunan da Baba Ya Ƙera da Jirgin Kaka

Akwai wani shagon sayar da wayoyi a kan hanyar da nake bi zuwa makarantar da nake koyarwa a unguwar Nasarawa, nan Birnin Kebbi. Mai shagon yakan fito da wata lasifikar roba mai fitilu ja da kore, ya ajiye ta a bakin ƙofa ya ƙure murya. Ba waƙar ce ke damuna ba, don ko kalmominta ba na tsinta. Dukan nan ne na ƙasa-ƙasa, dum, dum, wanda ba a kunne ake jin sa ba sai a ƙirji da ciki. Duk ranar da ya same ni sai yawu ya taru mini a baki, in tsallaka titi in tofar. Abokan aikina sun ɗauka ustazanci ne ya hana ni son kiɗa, ni kuma na bar su a haka. Amma kai mai karatu zan faɗa maka gaskiya: ƙyama ce, kuma tun ina 'yar shekara goma a gidanmu na Argungu na kwaso ta.

Gidanmu yana can ƙarshen gari ne, inda in ka fita ta ƙofar baya ka gangara kaɗan sai ka ishe gulbi. Kakana na wajen uba shi ne mai gidan. Masunci ne tun tasowarsa, amma lokacin da na yi wayo gwiwoyinsa sun riga sun gaji, idanunsa kuma sun fara hazo, ya daina shiga ruwa. Abin da bai daina ba shi ne zuwa wurin jirginsa. Wani dogon kwalekwale ne na katakon maɗaci, baƙi wuluk don tsufa, an jawo shi bakin gaɓa an ɗaure a gindin wata tsamiya. Kullum da hantsi Kaka zai dogara sandarsa ya gangara, ya shiga cikin jirgin ya zauna yana ɗinkin homa, wato ragar kamun kifi, ko da kuwa ba mai shiga ruwa da ita. Ni ce mai kai masa fura a can. Da ya ji takuna sai ya ce amaryarsa ta iso, yau ma ta makara, zai sake ta ya auro wata daga Zauro wadda ta iya dama fura. Ni kuma in ce wa zai auri tsoho mai warin kifi. Haka muke kullum, kuma duk jikokin gidan sun san ni ce 'yar gaban goshinsa.

Warin kuwa ba sharri na yi masa ba. Shekaru aru-aru jirgin nan yana ɗaukar tarwaɗa da ƙarfasa da giwan ruwa, jininsu da maiƙonsu da majinarsu duk sun shige cikin katakon sun zauna. In rana ta buɗe sosai sai ka ga allunan suna naso. Nakan toshe hanci da bakin mayafina in miƙa masa kwanon daga nesa, shi kuwa ya yi ta dariya.

Babana bai gaji sana'ar kamun kifi ba. Kafinta ne, kuma ba zan rage masa komai ba, gwani ne. Ƙofofi da gadaje da kujeru yake yi a rumfarsa ta bakin kasuwa, har ranar da cutar lasifika ta kama shi. A wancan lokacin duk mai biki yana son a ji shi har unguwa ta uku, masu ba da hayar kayan sauti kuwa daga Birnin Kebbi ake ɗauko su. Baba ya yi abota da wani ɗan kabilar Ibo mai shagon kayan rediyo a can, mutumin da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. A wurinsa ya samo lasifiku tsirara, marasa gida, guda takwas. Ya ce zai gina musu dogayen akwatuna biyu, kowanne tsayin mutum, kowanne da baki huɗu.

Ban taɓa ganin mutum ya haukace a kan abu kamar yadda Baba ya haukace a kan akwatunan nan ba. Yana cin tuwo yana zane a ƙasa da tsinke. Ya bayyana mini tun ban tambaya ba, har na haddace. Babbar lasifika mai nauyin maganaɗisu ita ce a ƙasa, ita ke fitar da dukan ganga. Matsakaita biyu a tsakiya, su ne masu muryar mutum. 'Yar ƙarama a can sama daidai kunnen wanda ke tsaye, ita ce mai tsiwa. Kowace sai an yi mata ɗakinta a ciki an raba da allo, don in iskar babbar ta bugi bayan ƙananan sai muryarsu ta dagule. Ɗakin babbar kuma dole a auna faɗinsa da zurfinsa, a huda masa rami a gaba wanda hannu zai iya shiga, ta nan akwatin yake numfashi. Sannan a tokare bangon ciki da sanduna, a lulluɓe da audugar rimi don kada sauti ya yi ta yawo a ciki. Ina son sauraronsa. Ina ganin duk Argungu babu mai ilimin ubana.

Na farko da ya yi da filawud, falankin nan na kanti mara nauyi, ya ba shi kunya. Da aka kunna, sai bangon akwatin ya kama rawa yana zizar kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani. Ya koma wurin abokinsa, ni ma ya tafi da ni don in gaida goggona da ke aure a Nasarawa. Mutumin ya ƙwanƙwasa guntun filawud ɗin da Baba ya kai masa, ya girgiza kai.

“Oga kafinta, wannan ba zai riƙe babbar nan ba. Ka nemo katako mai nauyi, wanda ya bushe tun ba a haife ka ba.”

Bai san abin da ya tayar ba, bawan Allah. A ranar ni da Baba muka koma Argungu. Washegari da na kai fura sai na ishe shi a gindin tsamiya, yana zagaya jirgin yana ƙwanƙwasa allunan da bayan yatsa, yana kasa kunne. Katakon ba ya amsawa, tauri gare shi kamar dutse. Ya durƙusa ya yi wa Kaka bayani mai tsawo, cewa jirgin ruɓewa kawai yake yi a banza, gara a amfana da shi. Kaka bai ko ɗaga kai daga ɗinkinsa ba.

“In na mutu ka yi mani makara da shi. Kahin nan, kak ka taɓa shi.”

Maganar ta mutu a nan, ko kuma haka na zata.

Damina ta yi nisa, gulbi ya fara cika yana jan ciyawa da karan gero, fadama ta koma kore shar da shinkafa. A cikin kwanakin nan aka aiko daga Gulma cewa ƙanen Kaka yana kwance rai a hannun Allah. Da zai tafi ya kira ni gefe, ya dafa kaina.

“Amarya, za ni Gulma, ban san kwana nawa za ni yi ba. Ga jirgina nan na bar maki amana. In kin ga ruwa ya taɓa saiwar iccen ga, ki hwaɗa ma ubanki shi jawo shi tudu.”

Kwana biyu ina gangarawa safe da yamma ina duba saiwar tsamiya. Ruwa bai ko kusa ba. A rana ta uku da hantsi na ji ƙarar zarto tun daga ƙofar baya. Na ruga na tarar da Baba ya riga ya ɓamɓare gefe guda na jirgin, allunan suna jere a ƙasa, amalanke yana jira. Zan so in ce maka na yi kuka, ko na kwanta a cikin jirgin na ce sai dai a yanka da ni. Ban yi ba. Na tsaya ina kallo. Da ya ce in riƙe masa ƙarshen allo don kada ya tsage, na riƙe. Kafin azahar babu abin da ya rage a gindin tsamiya sai guntun igiya da garin katako, shi ma Baba ya share shi da ƙafa ya tura ruwa.

Sannan ya tsuguna daidai tsayina, abin da bai taɓa yi ba.

“In ya dawo, ki ce ruwa yac ci shi da asuba. Ni ba shi yarda da ni, amma ke shina yarda. Ba wani abu ba na, ɗiyata, tsohon icce na.”

Har yau ina tuna yadda ya tausasa murya a wannan lokacin. Ya san sarai abin da yake aro a wurina, kuma ya san ba abin da ake mayarwa ba ne.

Kaka ya dawo bayan kwana takwas, ya binne ƙanensa. Ko hutawa bai yi ba ya ɗauki sanda ya gangara. Na bi shi a baya. Ya tsaya a gindin tsamiya ya daɗe, ya laluba ya ɗauki guntun igiyar. Ya juyo ya tambaye ni, na faɗi abin da aka ce in faɗa, har na ƙara da nawa, na ce na ga ƙarshensa yana juyawa a tsakiyar ruwa. Ban san daga ina wannan ƙarin ya fito mini ba. Da ya ji muryata tana rawa sai ya jawo ni jikinsa.

“Bar kuka, amarya, ba laihinki ba na. Ni niy yi sakaci da ban sake igiya ba.”

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi komai muni. Tsohon nan mai ciwon gwiwa ya shiga bin gaɓar gulbi yana cigiya. Kullum da safe zai fita, ya tsayar da duk masuncin da ya gani, ya kwatanta masa jirgin: dogo ne, baƙi, da facin gwangwani a gefen hagu. Ya aika saƙo ƙauyukan da ke gangaren ruwa har wajen Zauro, ko ya maƙale a cikin shinkafar wani. Yakan dawo da la'asar ƙafafunsa sun kumbura, taɓo har ƙwauri. Innata ta dafa ruwan zafi, ni in gasa masa. Kuma duk gidan an sani. Inna ta sani, matan baffannina sun sani, mai amalanke ya sani. Kowa ya ce masa Allah ya sa a gani, ya ce amin. Muka zuba ido muna kallon dattijo yana neman abin da ke jingine a rumfar ɗansa. Ban san sunan da zan ba mu ba a wannan watan, amma ba mutanen kirki ba ne.

A rumfa kuwa aiki yana ta kyau. Baba ya kankare fuskar allunan har jan maɗacin ya fito, ya goge da sanfefa har ya yi santsi, ya haɗa kusurwa da kusurwa ba tare da ko hasken rana ya ratsa ba. Ya shafa banish, man sa katako ƙyalli, sau uku. Cikin ne kawai bai taɓa ba. Ya ce wa zai leƙa ciki, kuma kaushin katakon ma zai taimaka wajen riƙe auduga. Haka ya cusa audugar rimi a kan tsohon naso, ya ɗaura lasifiku, ya rufe. Da ya gwada su da sanyin safiya, wallahi ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa jin sauti irin wannan ba. Akwatin ko motsi bai yi, muryar mawaƙin ta fito tas kamar yana tsaye a rumfar. Babu abin da hanci ke ji sai banish. Mutanen kasuwa suka taru suna sa albarka, ni ma na yi tsalle ina tafi.

Fitarsu ta farko bikin ɗan goggona ne a Nasarawa, bayan ɗaukewar ruwa, lokacin zafin nan mai ɗanko da ke zuwa kafin a fara yankan shinkafa. Gidanmu kaf muka tafi, har da Kaka. Akwatunan sun sha rana a bayan a-kori-kura tun daga Argungu, aka sauke su aka kafa a ƙofar gida, suka ci gaba da shan wata ranar har la'asar. An shimfiɗa tabarmi, dattawa a gefe guda, an fito da manyan farantan shinkafa da nama. Baba ya sa sabuwar riga. Abokinsa mai shago ya zo da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, da kansa, aka ta da janareta, aka saka kaset.

Minti kaɗan aka yi ana jin daɗi. Daga nan sai na ga matan da ke kusa da akwatin dama suna kallon juna, kowace tana zargin ta kusa da ita. Ka tuna ramin nan da akwatin ke numfashi ta cikinsa? Duk dukan ganga ɗaya sai ya huro iska mai ɗumi waje, iskar kuma ta kwana ta wuni a cikin auduga da ta tsotse maiƙon kifin shekara da shekaru. Ba warin ɗanyen kifi ba ne, ba na busasshe ba. Wani abu ne mai kauri, mai tsami, da ke manne wa mutum a maƙogwaro. Dum, ya huro. Dum, ya ƙara. Baba ya zaci ƙara murya zai janye hankalin mutane, sai ya ƙara, akwatunan kuwa suka ƙara himma. Ƙudaje suka taso daga ko'ina, manya koraye, suka yi baƙi a bakin ramukan, daga nan suka sauka kan shinkafa. Wata mai ciki ta yi amai a kan tabarma. Dangin amarya suka fara ture faranti suna tashi, goggona tana ta salati tana neman Baba da ido.

Mutum ɗaya ne ya nufi akwatunan a lokacin da kowa ke gudunsu. Kaka ya miƙe daga cikin dattawa, ya dogara sandarsa, yana tafe yana ɗaga hanci. Ya isa gaban na hagu ya tsaya. Ya shafa fuskar katakon mai santsi, bai gane komai ba. Sai ya durƙusa da ƙyar, ya kore ƙudajen, ya zura hannu cikin ramin har gwiwar hannu, yana laluben bayan auduga. Na ga lokacin da yatsunsa suka sami abin da suka samu, don kafaɗunsa sun sauka. Facin gwangwanin ne, Baba bai ko cire shi ba, ya juya shi ciki kawai. Wani ya kashe janareta, wurin ya yi tsit.

Bai kalli Baba ba. Ya juya kansa yana nema har ya gano inda nake, ya yafito ni. Na zo na tsaya a gabansa. Ya zaro hannunsa, baƙin maiƙo da zaren auduga sun manne a yatsunsa.

“Ashe ruwan ga da kinka gani, zarto gare shi.”

Iyakar abin da ya ce ke nan, a ranar da kuma bayanta.

Babu wanda ya sake hayar akwatunan, labari ya riga su isa ko'ina. Baba ya so ya buɗe su ya wanke ya sake auduga, amma Kaka ya aika aka ce a kawo masa kayansa. Ya sa aka cire lasifikun aka mayar wa Baba, aka shigar da akwatunan ɗakinsa, ɗaya a wajen kansa ɗaya a wajen ƙafa. A nan suka zauna har ƙarshen ransa. Da bazara ɗakin ba ya shiguwa, matan gidan sukan ajiye masa abinci a bakin ƙofa su juya da sauri. Shi kuwa yana zaune a tsakaninsu da homarsa a cinya.

Ni bai taɓa yi mini faɗa ba, da ma ya yi. In na gaishe shi yakan amsa da kyau, ya sa mini albarka kamar yadda yake sa wa kowane jika. Amma wasa ya ƙare. In yana son a duba masa ko hadari ya taso, ko a ga wanda ke sallama a zaure, sai ya kira wani, ko da ina zaune a gabansa. Sau ɗaya na yi karambani na ce masa an kira sallar la'asar. Ya ce to, sannan ya kira ƙanwata ya tambaye ta ko an kira. Shekara uku muka yi a haka. Kullum ina cewa gobe zan durƙusa in roƙe shi gafara, kullum warin ɗakin da kunya suna mayar da ni daga bakin ƙofa, har ranar da aka fito da gawarsa.

Yanzu komai ya sauya. Ba mai zama ya auna ɗakin lasifika, an daina. Ana shigo da su ne a kwali, na roba, marasa nauyi, in sun lalace a jefar a bola a sayo wasu. A gidanmu na Argungu babu sauran mai shiga ruwa, 'ya'yan baffannina ko tuƙa jirgi ba su iya ba, tsamiyar ma gaɓa ta zaizaye ta faɗi. Ba na cikin masu cewa da can mutane sun fi kirki, don na ga mutanen da can da idona, kuma ina cikinsu.

Baba ya tsufa, ya kai shekarun da Kaka yake da su a lokacin. Hannunsa yana rawa, ya bar rumfa. Ina zuwa duba shi duk ƙarshen wata, kuma tsawon shekarun nan ba mu taɓa ta da maganar ba. Sai a zuwana na bayan nan, ina zuba masa abinci, ya ƙura wa ƙofar tsohon ɗakin Kaka ido. Ya ce akwai abin da ke cin ransa game da akwatunan nan, har yau bai daina nadama ba. Na ajiye cokali. Na ce a raina yau dai za mu faɗe ta, ni da shi, ko ma sami sauƙi.

Ya girgiza kai ya ce, “Da na shahe cikin da kwalta kahin in sa auduga, ɗiyata, da har yau ba wanda ya sani.”

Na tura masa kwanon gabansa, na ce ya ci tun da zafi. Na fita tsakar gida na ɗebi ruwa a buta na yi ta wanke hannuna.